Kantar dutse a kicin ɗin motar-gida: yadda ake sa ta ba ta tsage a hanya ba

Motar-gida ba abar da ake yawan gani ba ce a Zariya. In ta biyo ta Kwangila ko ta tsaya shan mai a hanyar Samaru, sai ka ga 'yan acaɓa suna leƙe ta taga. Amma akwai su jefi-jefi. Wasu 'yan Kwatano ne, galibi Fiat Ducato da Turawa suka gina wa ɗaki a baya, da gado da banɗaki da ɗan kicin. Wasu kuma Coaster ce ko Hiace mai dogon rufi aka cire wa kujeru, kafinta ya shiga ya yi abin da ya iya. Tawa irin ta farkon ce, kuma kantar kicin ɗinta sau biyu na sa mata dutse. Na farkon bai yi mako uku ba.

Kantar da motar ta zo da ita katako ne marar nauyi da aka lulluɓe da fomeka. Damina biyu ta yi a nan ruwa ya samu hanya ta gefen sinki, katakon ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, hunturu ya zo ya busar da shi, fomeka ta fara ɓantarewa. Uwargida ta ɗora tukunyar tuwo daga kan wuta, ta bar mana tambari baƙi. Sai na kira wani mai aikin giranit. Ya auna da tef, ya yanko mai kaurin santimita 3, ya manne shi da gam ɗin nan mai haɗi biyu da ke daskarewa kamar ƙashi. Kicin ya fito kamar na otal. Tafiyarmu ta farko Saminaka muka nufa, kafin mu kai Pambeguwa na ji ƙas a bayana. Siririn dutsen da ke gaban sinki ya rabe biyu.

Da na koma masa ya ce, "Alhaji, wallahi shekara da shekaru ina sa dutsen nan a gidaje, bai taɓa tsagewa ba."

Na ce, "Malam, a cikin gidajen nan akwai wanda ya taɓa bin hanyar Pambeguwa?"

Ya yi dariya, ni ma na yi, kuɗina dai sun tafi. Ban ga laifinsa sosai ba, aikin gida ya sani, aikin gida ya yi mini. Jikin mota yana murɗewa duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami sauran suna sama. Katako yana bin murɗar, fomeka tana bi, dutse ba ya bi. Duk abin da ke ƙasa an tsara shi ne a kan wannan.

Fara da sikeli, kafin ka je wurin mai dutse

Giranit mai kaurin santimita 2 yana da nauyin kusan kilo 54 a kowace murabba'in mita. Mai santimita 3 yana kai kusan kilo 80. Kantar motata tsawonta santimita 120 ne, faɗinta 55. In ka lissafta, mai santimita 3 ya haura kilo 50 kafin a huda shi, mai santimita 2 kuma kusan kilo 36. Bayan an cire ramin sinki da na murhu nauyin yana raguwa, amma ko a haka ya ninka na tsohuwar kantar sau da yawa, wadda yaro ɗan firamare zai ɗauka da hannu ɗaya.

Za ka ce kilo 30 ai bai kai buhun siminti ba. Gaskiya ne. Sai dai motocin nan da ake kawowa daga Turai yawancinsu an ƙayyade musu kilo 3,500 ne gaba ɗaya, ginin da aka ɗora musu kuma ya riga ya cinye mafi yawa. Abin da ya rage wa mutane da kaya 'yan ɗaruruwan kilo ne. Kowace litar ruwa a tanki kilo ɗaya ce. Tukunyar gas mai cin kilo 12.5 in ta cika tana haura kilo 25. Ga janareta, ga batir da sola da muke ƙarawa, ga buhun shinkafa, ga iyali.

Nemi ɗan allon ƙarfen da ke cikin bonet ko a jikin ƙofar direba. A motocin Turai za ka ga lambobi huɗu a jere: na farko iyakar nauyin motar da duk kayanta, na biyu nauyinta tare da abin da za ta ja, na uku iyakar ƙafafun gaba, na huɗu na baya. Ka cika tankin ruwa da na mai, ka loda abin da ka saba tafiya da shi, ka je inda ake auna manyan motoci, irin sikelin kamfanonin sayen hatsi ko wuraren fasa dutse. A auna ta gaba ɗaya, sannan a auna ƙafafun baya su kaɗai. In ka riga ka kusa iyaka, ka haƙura da giranit mai kauri. Kuma ka lura da gefen da kicin yake: in tankin ruwa da firji da batir duk suna wannan gefen, ƙarin dutse zai sa motar ta riƙa karkata, sifirin da tayar gefen su riga 'yan'uwansu mutuwa.

Wane dutse

Ni dai mabul ba na ba kowa shawararsa a kicin, na gida ko na mota. Yana da kyau, muna ma da namu a ƙasar nan, a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo. Amma dutse ne mai laushi, wuƙa tana yi masa zane, kuma duk wani abu mai tsami yana cin fuskarsa. Mu kuwa girkinmu tsamiya ce, lemon tsami, tumatir, yakuwa, zoɓo. Wata guda ya isa ka ga shatin gindin kofi a ko'ina.

Akwai wanda ake kira kwas, ana haɗa shi a masana'anta da nikakken dutse kusan kashi 90 cikin ɗari, sauran kuma gam da launi. Ba ya shan mai, yana da ɗan sauƙin nauyi kaɗan. Matsalarsa zafi: gam ɗin da ke ciki yana ƙonewa in an ɗora tukunya daga wuta, rana kuma tana canza masa launi. Motar da za a rufe a ajiye a ranar watan Maris ko Afrilu a Zariya, rana tana dukan kanta ta taga, ba wurin zamansa ba ce.

Akwai manyan faifan tayil na zamani masu kaurin milimita 6 zuwa 12, waɗanda ake yi wa zanen dutse. Mai milimita 6 bai wuce kilo 15 a murabba'in mita ba, ba ya jin zafi, ba ya shan mai. In nauyi ne damuwarka, shi ne mafita, amma bakinsa yana saurin ɓallewa kuma ba kowane mai yanka ne ya iya huda shi ba.

Ni na koma giranit mai santimita 2. Dutsen da muke takawa ne dama, shi ne Kufena, shi ne duwatsun da ke kewaye da garin nan, duk da cewa wanda ake gogewa a sayar da yawa daga Indiya da Sin yake zuwa. Kantar mota ƙarama ce, saboda haka kada ka bari a sayar maka da faifai guda. Ka tambayi ragowar yanka. In ba ka samu mai kyau a Zariya ba, akwai Kaduna, akwai Ƙofar Ruwa a Kano, akwai Dei-Dei a Abuja.

Kafin ka biya, yi gwaji uku. Watsa wa dutsen ruwa ka duba da kyau, tsagar da ido bai gani ba tana fitowa in ya fara bushewa. Ƙwanƙwasa shi da sifana a wurare daban-daban, lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ciwo kuma sai ka ji muryarsa a dushe. Sannan ka karɓi ɗan guntu ka tafi da shi gida, ka ɗiga masa manja da zoɓo da lemon tsami, ka bar su su kwana. Abin da ka gani da safe shi za ka riƙa gani shekara goma. In baƙi ne, ka goga masa maganin cire jan farce da farin ƙyalle. In ƙyallen ya yi baƙi, rina dutsen aka yi.

Baƙi wuluk yana burgewa a shago. Ka tuna da Disamba da Janairu, lokacin da za ka goge shi da safe kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kansa da yatsa. Mai ɗige-ɗigen toka ko ruwan ƙasa ya fi rufa asiri.

Cire tsohuwar

Rufe tukunyar gas, kunna murhu har wutar ta mutu da kanta don abin da ke cikin bututu ya ƙare, sannan ka cire regileta. Kashe famfon ruwa, buɗe kan famfo ya tsiyaye. Cire wayar wutar gari in tana haɗe, cire kan batirin ɗaki. Ɗauki hoton duk wani haɗi da wayarka kafin ka taɓa shi, za ka gode wa kanka.

Fitar da durowa duka, ka kwanta ka leƙa. Yawancin kantocin nan da sukuru aka ɗaure su daga ƙasa, wasu sukurun suna ɓoye ƙarƙashin 'yan murafen roba. Sinki da murhu suna da nasu maƙalai. Yanke tsohon silikon da reza, ka ɗaga a hankali. Kada ka sa ƙarfe ka ɓanɓare, bangon motar nan falle ne siriri a kan soso, in ya huje gyaransa ya fi aikin kantar wahala. Kuma kada ka jefar da tsohuwar kantar, za ta yi maka amfani wurin awo.

In firji yana ƙarƙashin kantar kuma irin mai aiki da gas ne, ka duba yadda aka toshe tsakaninsa da cikin ɗaki. An yi haka ne don hayaƙinsa ya fita waje ta ramukan bango. Dole ka mayar da toshiyar yadda take. Hayaƙin gas ba shi da wari, mutum yana barci yake ɗauke shi.

Abin da zai ɗauki dutsen

Nan ne aikin yake, nan ne kuma na farkon ya kashe ni. Da ka cire kantar za ka ga kabad ɗin da kake ganin ƙarfinsa ashe kantar ce ke riƙe da shi. Girgiza shi da hannu ka gani. Filawud ne siriri mai sauƙi, an haɗa da 'yan ƙananan sukuru.

Akwai dalilin da ya fi tsagewa muhimmanci. A gwajin karon da ake yi wa kujerun mota a gudun kusan kilomita 50 a awa, ana lissafin nauyin abu ya ninka kusan sau 20. Dutse mai kilo 30 ya zama kilo 600 ke nan, kuma gaba zai nufa, inda direba da fasinja suke zaune. Allah Ya kiyaye, amma a kan wannan lissafin za ka yi ɗaurinka, ba a kan ranar da komai ke tafiya daidai ba.

Ka samu kafinta mai haƙuri. A cikin kabad ɗin, a kowace kusurwa, a tsayar da katako mai ƙwari daga daɓen mota har sama, yadda nauyin dutsen zai sauka kai tsaye a ƙasa, ba a jikin filawud ba. Katakon ya zama busasshe. Ɗanyen katako daga kasuwar 'yan katako in ya ga hunturun Zariya yana lanƙwashewa, ya ja dutsen tare da shi. A sama a kewaya da wani katakon a kwance, a ƙara ɗaya a tsakanin sinki da murhu. In ka fi son ƙarfe, mai walda zai iya haɗa maka firam da siririn bututu mai kusurwa huɗu, amma a yi waldar a waje a shigo da shi. Walda a cikin motar da ke cike da soso da katako neman gobara ne.

Firam ɗin a ɗaure shi da daɓe da noti mai ratsawa, a sa faffaɗan ƙarfe ta ƙasa don kada notin ya ɓarke katakon daɓen. Kafin a huda, wani ya shiga ƙarƙashin motar ya duba: akwai tankin mai, tankin ruwa, wayoyi, bututun birki. A bango kuma sukuru ba ya kamawa sai inda akwai katako a ciki. Tsofaffin ramukan sukuru su za su nuna maka wuraren.

A kan firam ɗin sai a shimfiɗa filawud mai milimita 12, irin mai jure ruwa, a shafe shi da fenti ko banish ta kowane gefe, musamman bakin ramukan da za a yanka. Shi ne gadon dutsen. Ya zama a miƙe sosai. A nan lebul ɗin magina mai ɗigon ruwa zai iya yaudararka, domin motar kanta ba a daidai take tsaye ba, ka shiga ma ta ɗan karkata. Abin da kake so shi ne shimfiɗar da ba ta da tudu ko kwari. Ɗora miƙaƙƙiyar sandar alminiyam a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ka haska tocila ta baya. Inda haske ya ratso, a gyara.

A ƙarshen kantar da ke fuskantar gaban mota, a ɗaure ƙarfe mai kusurwa a jikin firam, ya ɗan taso ya tare bakin dutsen. Ko gam ya saki, dutsen ya samu abin da zai tokare shi.

Ka lissafta tsayi tun yanzu. Filawud 12, gam 3, dutse 20, milimita 35 ke nan. In tsohuwar kantar ba ta kai haka ba, sabuwar za ta taso. Duba ko za ta tokare mabuɗin taga, ko soket, ko ƙofar kabad ɗin sama. Duba wuyan kan famfo, yawancin na motocin nan gajere ne, ba zai ratsa milimita 35 ba. Maganinsa a faɗaɗa ramin filawud a wurin yadda notin zai kama dutsen kai tsaye, da wosha ta roba a tsakani.

Awo

Kada ka yarda da tef kaɗai. Babu kusurwar da ta daidaita a cikin mota, bango yana lanƙwasa, wani wurin yana kumburo. Yanka siraran filawud ko kwali mai tauri masu faɗin yatsu uku, ka jera su a kan gadon suna bin bango daidai, ka manne su da juna har su zama hoton kantar. Rubuta a jiki: nan gaba, nan bango, nan sama, nan za a goge baki. Na san wanda aka yanka wa dutse a juye saboda ba a rubuta sama ba.

Bar tazarar milimita 3 tsakanin dutse da kowane bango. Wannan tazarar ce wurin numfashinsa in jikin mota ya motsa.

Ka kai wa mai yanka awon tare da sinkin da murhun kansu, ba girmansu a takarda ba. Sinkin ya zama irin mai zama daga sama, bakinsa a kan dutse. Wanda ake mannawa ta ƙasa ya fi kyau a ido, amma rataye yake, in ya cika da ruwa da tukwane kana kan gargada, kana gwada ƙarfin gam ne kawai.

Yanzu ka dubi siraran wuraren da za su rage a gaban sinki da bayansa. A kicin ɗin gida akwai fili, a mota sinki da murhu suna cinye kusan duk faɗin. In abin da ya rage bai kai santimita 6 ko 7 ba, zai tsage, yau ko gobe. Abin da na yi a karo na biyu shi ne na raba dutsen da kaina kafin hanya ta raba mini. An yanka shi gida biyu, mahaɗin ya faɗo daidai kan siraran wuraren nan, aka cike shi da silikon mai launin dutsen. Sai ka sa ido za ka gani, kuma yanzu kowane ɓangare yana motsinsa shi kaɗai. Mai dutsen ya so ya cike mahaɗin da gam mai daskarewa kamar yadda ya saba, na ce a'a.

Wasu suna tsaga ƙasan siririn wurin su binne rodi don ƙarfi. Rodin ƙarfe a kusa da sinki tsatsa yake yi, ya kumbura, ya fasa dutsen daga ciki. In za a binne wani abu, ya zama sandar faiba ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Yanka

Ka tsaya a wurin ranar da za a yanka, ko da za ka rasa wuni. Abu ɗaya za ka sa wa ido: kusurwoyin ramuka. A fara huda kowace kusurwa da abin huda mai zagaye, sannan a haɗa ramukan da giranda. Kusurwar ta fito a lanƙwashe, ba mai tsini ba. Abin da masu sauri ke yi shi ne su tura faifan giranda ya wuce layi kaɗan ta ƙasa don guntun ya faɗo da wuri. Wannan ɗan wucewar ita ce farkon tsaga. Da na kifa dutsena na farko bayan ya karye, daga nan ta taso.

A goge duk bakin da hannu zai taɓa, a ɗan zagaye kusurwar da ke kan hanyar wucewa. A cikin mota kullum ƙugunka yana gogar kanta.

A yanka da ruwa. Ƙurar dutse tana shiga huhu ta zauna, ba ta fita, ba ta da magani. Ta kwas ta fi muni, har ƙasar Ostireliya ta haramta aiki da shi daga 1 ga Yulin 2024 saboda yawan ma'aikatan da huhunsu ya lalace. Ina ganin samari a bakin titi suna yankan tayil a bushe, fuska fari fat kamar an yi musu kwalliya, ko ƙyalle babu a hanci. In aikinka ake yi, ka saya musu takunkumi na ƙwarai da gilashin ido, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Mai zuba ruwa kuma ya kiyaye kada ya jiƙa injin, mai riƙe da giranda ya sa takalmin roba.

Ɗauko shi da mannawa

Dutse a tsaye ake ɗaukarsa, kamar gilashi. In aka kwantar da shi a bayan a-kori-kura, kafin a fito daga Sabon Gari ya gama. A jingina shi a tsaye a kan tsohuwar taya ko katifa, a ɗaure. In bai rabu biyu ba, a matse katako biyu a tsawonsa su riƙe wurin ramin. Auna ƙofar motar tun kafin ranar, ƙofofin nan matsattsu ne.

A fara ɗora shi ba gam. A sa sinki, a sa murhu, a rufe murfinsu, a ja durowa, a buɗe taga. Danna kowace kusurwa ka ji ko yana rawa. Duk gyaran da za a yi, yanzu ne.

Gam ɗin da za a yi amfani da shi shi ne wanda in ya bushe yake zama kamar roba. Ba siminti ba, ba gam ɗin tayil ba, ba mai haɗi biyu ba. Silikon mai kyau ya isa, amma ka shinshina: wanda ke warin tsami mai hawa kai ka bar shi, yana ɓata dutse kuma yana sa ƙarfe tsatsa. Nemi marar warin tsami wanda aka rubuta ya dace da dutse. Akwai kuma irin su Sikaflex da masu haɗa jikin mota ke amfani da su, riƙonsu ya fi ƙarfi. Ko wanne ka saya, duba ranar lalacewarsa a gindin kwalbar, ka gwada a guntun dutse ka ga ko zai yi masa tabon maiƙo.

Goge ƙasan dutsen da saman filawud da sifirit, su bushe. Yanka 'yan guntayen tsohon tub na babur masu kaurin milimita 2 zuwa 3, ka jera su nan da can a kan gadon. Su za su hana nauyin dutsen matse gam ɗin ya fice, domin kaurin gam ɗin ne ke shanye girgiza. Ja layukan gam masu kaurin fensir daga gaba zuwa baya, tazarar kamar faɗin tafin hannu, ka kewaye ramukan sinki da murhu. Mutum biyu su sauke dutsen a hankali, a danna da tafin hannu. Kada kowa ya hau kai, kada a buga da guduma.

In akwai sukurun da za a ɗaura daga ƙasa bayan an ɗora dutsen, auna tsawonsa sau biyu. Tsinin sukuru ɗaya da ya ratsa filawud ya tokari dutse ya isa ya fasa shi.

Sai jira. Irin wannan gam da laimar iska yake bushewa. Da damina kwana ɗaya zuwa biyu ya yi. Da hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, iskar Zariya ba ta da laimar da za ta ba shi, sai ka ga samansa ya bushe cikinsa ɗanye. Ajiye bahon ruwa a cikin motar, ka rufe ƙofa saboda ƙura, ka ba shi kwana uku ko huɗu ba a motsa ta ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to kai ba a ce ka dafa ba, jira kawai aka ce ka yi. Kuma kada ka fara aikin nan ana saura mako guda tafiyar Sallah. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mayar da kaya

Cike tazarar bango da mahaɗin da silikon. Manna tef na takarda a gefe biyu, ja layin, shafe da yatsa mai ruwan sabulu, cire tef ɗin tun gam yana ɗanye. Bakin filawud da ke leƙowa ta gaba a rufe shi da siririn katako ko alminiyam.

Zaunar da sinki a kan silikon, ɗaura maƙalansa daidai wa daida, ba da ƙarfin tsiya ba. Murhu kuma ka tabbata akwai tazara tsakanin jikinsa da filawud, a liƙa wa bakin katakon tef na alminiyam saboda zafi.

Haɗin gas ka bar wa wanda ya san aikin. In ya gama, kaɗa ruwan omo ya yi kumfa, a shafa a kowane mahaɗi, a buɗe tukunyar. Inda kumfa ke tasowa yana yoyo. Ba a gwadawa da ashana, ko da mai gyaran ya ce ya saba. Ruwa kuma, shimfiɗa jarida a cikin kabad, cika sinki, saki, ka duba jaridar.

In gwajin manjan nan ya nuna dutsenka yana sha, akwai ruwan kariya da masu giranit ke sayarwa. A shafa, a bar shi ya shiga na 'yan mintuna, a goge ragowar kafin ya bushe a sama. Bayan wata shida ko shekara ka ɗiga ruwa ka bar shi minti 15. In wurin ya yi duhu, lokacin sake shafawa ya yi. Wanki kuma sabulun wanke-wanke da ruwa sun isa, a bar toka da soson ƙarfe wa gindin tukunya.

Gwajin farko kada ka yi nisa. Ni daga Tudun Wada na fita na bi ta Wusasa na zagayo, wani ɗan'uwana yana zaune a baya da bel a ɗaure, kunnensa a kan kabad. Ƙara kaɗan ya ji, ashe maƙalin murhu ne bai zauna ba. Bayan tafiya mai nisa ta farko ka sake bin duk notin firam da sifana, katako yana ɗan zama, za ka samu biyu ko uku sun saki. Ka bi layin silikon na bango da yatsa, ka haska kusurwoyin ramin sinki da tocila. Ina yin haka duk ƙarshen damina da ƙarshen hunturu, lokacin da katako ke kumbura da lokacin da yake tsukewa.

Guntun da aka cire daga ramin sinki kada ka bar wa mai yanka. Na sa an goge bakin nawa, an manna masa roba a ƙasa. A kansa ake sauke tukunya, a kansa uwargida ke murza fulawar cincin. In za mu tashi kuma a ƙasan kabad yake kwana, a cikin wani aljihun katako da kafinta ya yi masa daidai jikinsa, don shi ma kilo biyar ne.